Albarkacin Kaza

A tsakar gidanmu da ke Haɗejiya akwai bishiyar darbejiya, a gindinta kuma akwai wani tsohon kasko mai tsaga a baki wanda ya girme ni. Tun da na yi wayo nake ganin Inna tana wanke shi bayan sallar asuba, ta cika shi da ruwan randa, ta koma harkokinta. Kaji ne ke fara sha. Idan suka ɗaga, sai kurciyoyi su sauko daga kan katanga, a bayansu ƙananan jajayen tsuntsayen nan da muke kira baiwar Allah, can da hantsi kuma ƙadangaru su iso suna gyaɗa kai kamar masu neman iso. Wani lokaci Inna kan dube su ta ce, "Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko." A wancan lokaci karin magana ne kawai a wurina, irin wanda ake jefa wa mutumin da ya raɓu da mai hali ya samu abin da ba dominsa aka tanada ba. Sai da na kai shekara 25, na yi digiri, na kuma yi asara, sannan na gane da wa ake.

Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Bai bar mana komai ba sai gidan da muke ciki da suna mai kyau. Inna ta riƙe mu, ni da ƙanwata, da abin da ta iya: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, da kajin gida waɗanda ba su taɓa wuce ashirin ba. Da rana suna tone-tone a tsakar gida, da dare su shige wani akurkin laka mai rufin ciyawa. A haka na gama sakandare, na samu gurbi a jami'a, na karanci kimiyyar kiwon dabbobi. Na dawo gida a ƙarshen 2023 ina jiran kiran yi wa ƙasa hidima, da takardar shaida a jaka, da raini a ido.

Duk inda na duba a gidan sai in ga kuskure, babban kuskuren kuwa shi ne kaskon nan. A aji an karantar da mu cewa a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma manoma da yawa sun tafka asarar da har yau ba su manta ba. An koya mana cewa tsuntsayen daji kan ɗauko ƙwayar cuta su bar ta a ruwa ko a kashinsu. Ga shi kuma garinmu yana bakin dausayin Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsayen ruwa ke sauka duk shekara daga Turai idan sanyi ya kore su. Duk wannan gaskiya ne, har gobe ban janye ba. Abin da ban sani ba shi ne mutum yana iya riƙe gaskiya guda ya rufe ido ga sauran.

Na lallashi Inna ta ba ni kwasar adashenta na shekara. Na yi mata lissafi a takarda, na nuna mata yadda kajin turawa masu ƙwai za su ninka abin da kajinta ke kawowa. A watan Janairu na sayo guda 30 da suka kusa fara ƙwai. Na gina musu ɗaki da bulo a jikin katangar yamma, na rufa da kwano, na bar 'yan tagogi biyu, su ma na toshe su da leda saboda iskar hunturu da kuma tsuntsaye. Na sayo mazubin ruwa na roba. Ranar da na gama aikin na tsaya a gindin darbejiya.

"Inna, wannan kaskon sai an ɗauke shi. Tsuntsayen daji na kawo cuta."

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana. Tun da na dawo ta laƙaba mini Likita.

"To Likita, su kuma su sha a ina?"

"Ga kogi can, Inna. Ai Allah ya ba su fiffike."

"Ƙadangaren ma fiffike gare shi?"

Ban amsa ba. Ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta, can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗauke. Amma kai ma ruwan kasko ka sha." Maganar ta sosa mini rai, na ɗauka gori ne. Na kife kaskon a bayan ɗakin girki, na ajiye wa kajinta wani kwano a cikin akurkinsu.

Watan Fabrairu ya zo mini da daɗi. Kajin suka fara ƙwai, ina kwasa ina jerawa a kiret, mai shayin bakin titi yana aiko yaro ya karɓa. Ina rubuta komai a littafi, ina jin kaina. Sai hazo ya janye, iskar hunturu ta ɗauke, bazara ta sako kai, azumi kuma ya kama a cikin watan Maris.

Mutanen yankinmu ba baƙin zafi ba ne, amma na wannan shekara ya sha bamban. A ranar 3 ga Afrilu ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, aka yi ta faɗa a rediyo. Mu ba mu kai nan ba, sai dai tabarma da aka shimfiɗa a ɗaki takan yi ɗumi kamar an ɗauko ta daga rana, ƙanƙara ta zama abin wawaso gab da shan ruwa, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Alamu sun fara bayyana a ɗakin kajina, na kuma gan su. Ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi har yana fashewa a hannu. Kajin suna tsaye baki buɗe, fikafikai a sassaɓe, ba sa kula abinci. Na san ma'anar kowace alama, domin na amsa tambaya a kansu a jarrabawa. Zafin jikin kaza a kullum yana kusan digiri 41 ne, ba ta kuma da hanyar yin gumi irin ta mutum. Abin da take da shi kawai shi ne haki, da buɗe fikafikai, da ɗan zafin da ke fita ta zanko da ƙafafu. Idan hakin ya yi yawa yakan fitar da iskar kabon dayoksaid daga jini fiye da kima, jiki kuwa yana buƙatarta wajen haɗa ɓawon ƙwai. Na san duk wannan. Amma na ce a raina sai bayan salla zan gyara rufin, idan kuɗin ƙwai sun taru. Ledar tagogin ma yage gefe guda kawai na yi, don kada tsuntsu ya shiga.

Ana saura 'yan kwanaki salla na tafi kasuwa sayen dusa bayan azahar. Na daɗe, domin na tsaya a rumfar wani abokina muna jiran rana ta yi sanyi. Da na dawo bayan la'asar na tarar da ƙofar ɗakin kajin a buɗe. Inna tana durƙushe a gindin darbejiya, da azumi a bakinta, tana tsoma ƙafafun wata kaza a cikin ruwan randa, tana shafa mata jiƙaƙƙen hannu a ƙarƙashin fiffike. Ƙanwata na ta jigilar sauran zuwa inuwa. A gefe guda an jera takwas da suka riga suka mutu, sun zama mushe, ko miya ba za su yi ba. Uku kuma an kira maƙwabcinmu ya yanka su kafin rai ya fita. Na shiga ɗakin da na gina da hannuna, zafin da ya dake ni a fuska kamar na gidan burodi. Na taɓa ruwan da ke cikin robar, ya isa a dama koko da shi.

Kajin Inna kuwa ko ɗaya ba ta mutu ba. Suna kwance a ƙarƙashin mazaunin randa, inda ruwa ke ɗiga ƙasa ta yi danshi. Sun tona 'yan ramuka sun manna ƙirji a ciki suna lumshe ido.

Akwai wani abu kuma da na gani a ɗakin, wanda ya fi mutuwar kajin kunyata ni. A bakin tagar da na yage, da kan murfin mazubin ruwan, ga kashin ƙananan tsuntsaye nan birjik. Ashe tun da na kife kasko ba kogi suka tafi ba. Ƙishirwa ta koro su zuwa ruwan da ya fi kusa, wato na kajin da nake ƙoƙarin karewa. Sai a lokacin na tuna cewa a makonnin nan ƙudan zuma ya addabi bakin randarmu har ya harbi ƙanwata, an kuma tsamo mataccen ƙadangare daga bokitin wanki. Na ɗauke musu wurin sha, ban ɗauke musu ƙishirwa ba.

Daren nan barci ya gagare ni. Ina kwance a tabarma a tsakar gida, maganar Inna ta dawo mini, sai na shiga wani lissafi da ban taɓa rubutawa a littafi ba. Kuɗin takardar jarrabawar shiga jami'a, zakara ne da kaji biyu. Rajistar shekarar farko, na tuna ranar kasuwar da aka ɗaure kaji bakwai a kwando, akurki ya yi shiru mako guda. Kuɗin mota duk ƙarshen hutu, ƙwai ne da Inna ta hana bakinta. Babu wanda ya ƙyanƙyashe kajin nan da niyyar su kai wani jami'a. Suna tone-tonensu ne, ni kuma na raɓu na sha. Ashe ba gori Inna ta yi mini ba, asalina ta faɗa mini. Ni ne ƙadangaren, ni ne kuma na tashi na kife kaskon bayan na ƙoshi.

Da sahur na ce, "Inna, ki yafe mini. Kuɗin adashenki ne."

"Dukiya ce, tana zuwa tana tafiya. Ci abinci, alfijir ya kusa." Ta miƙo mini kofin kunu, sannan ta ce, "Ina ka kai mini kaskona?"

Gari na wayewa muka fara aiki, wannan karon ina tambaya kafin in yanke hukunci. Na cire ledar gaba ɗaya, na fasa bulo na faɗaɗa tagogin ta ɓangarori biyu domin iska ta ratsa, na sa ragar waya mai ƙananan idanu. Kwanon rufin ba ni da kuɗin sauya shi, sai Inna ta ce a yi masa rumfa. Muka ɗora itace a kai, muka shimfiɗa zana da karan dawa, muka bar tazara kamar taki guda tsakaninsu da kwanon, ta yadda rana za ta ƙare a kan zana, iska kuma ta wuce ta tsakiya. Bangon yamma da ke shan ranar la'asar na shafe shi da farar ƙasa, na jingina masa wata zanar. A tagar da iska ke shigowa muka rataya buhun algarara, muna jiƙa shi da azahar da la'asar. Iskar farkon bazara busasshiya ce, tana shan ruwan buhun ta shiga ɗaki da sanyi. Wannan dabara takan rage amfani idan damina ta matso iska ta yi nauyi da danshi, amma a lokacin da muke tsananin buƙata ta yi mana rana.

Robar ruwan na ajiye ta gefe. Muka sayo kasake daga wurin masu ginin tukwane, muka binne su zuwa rabi a cikin jiƙaƙƙen yashi a kusurwar da rana ba ta kaiwa. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Da wannan hikima ce Muhammad Bah Abba, wani malami a nan Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Na karanta labarinsa a makaranta na yi ta sha'awa, alhali randar da ke gidanmu tana wannan aiki tun kafin a haife ni. Kaza ba ta son ruwan ɗumi, ga shi kuma a zafi ne ta fi buƙatar sha, saboda haka sau uku muke sauya musu a yini.

Abinci ma na sauya masa lokaci. Narkar da abinci na ƙara wa jiki zafi, don haka nake ba su da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya, tsakar rana kuwa sai ruwa. Ɓawon kankanar da muka sha ruwa da ita ba ma zubarwa, da safe su yi ta tsattsaga. Ruwa a unguwarmu saye muke daga 'yan ga-ruwa, ba na wasa ba ne, sai Inna ta ajiye baho a wurin alwala. Abin da ya taru, da ruwan wankin shinkafa, shi muke yayyafawa a wani fili da na kewaye musu da raga a ƙarƙashin inuwa, su tona su kwanta kamar yadda na ga kajinta suna yi. Ban jiƙa shimfiɗar cikin ɗakin ba, domin danshi a kan kashin kaji wari yake tayarwa da cuta.

Saura maganar kasko. A nan ban koma ga yadda Inna take yi ba, ita ma ba ta nemi in koma ba. Na ce mata har yanzu ina tsoron haɗa bakin kaji da na tsuntsayen daji a ruwa ɗaya.

"Wato dai a raba zumunci," in ji ta.

"A raba kwano dai, Inna. Kowa ya sha nasa."

"In dai za su sha, ko a bayan gari ne."

Ba a kai bayan gari ba. A bayan katangarmu akwai wani kango da bishiyar kurna, nesa da ɗakin kaji. Can na kai tsohon kaskon, na ɗora shi a kan bulo uku a sarari, inda kyanwa ba za ta samu wurin laɓewa ba. Na zuba tsakuwa da 'yan duwatsu a ciki har suka ɗan leƙo saman ruwan, domin ƙudan zuma ya samu wurin tsayawa, ƙadangaren da ya zame kuma ya samu abin takawa. Na ajiye wani fasasshen murfin tukunya a ƙasa saboda masu tafiya da ƙafa. Kullum da safe nakan zubar da na jiya, in goge, in zuba sabo, kada ya zama gidan sauro. Moɗarsa daban, kuma sai na gama da kaji nake zuwa can, in wanke hannu idan na dawo.

Kwana biyu babu wanda ya zo. A rana ta uku na leƙa ta saman katanga da hantsi na ga kurciya guda tana sha, ta tsoma baki ba ta ɗagowa, yadda kurciya ke yi. Kafin mako ya zagayo wurin ya zama kasuwa. Baiwar Allah na zuwa garke guda, su sha su yi wanka su watsa ruwa. Ƙudan zuma ya bar randarmu ya koma kan tsakuwa. Wani dare na haska tocila na ga bushiya a bakin murfin tukunyar, ta dunƙule da ta ji motsina. Kashin tsuntsaye kuma ya ɗauke daga tagar kajina. Ba zan ce kasko ya kawar da haɗarin cuta ba, allurar rigakafi da tsafta suna nan a matsayinsu. Abin da na gani da idona shi ne mai ƙishirwa da aka ba shi nasa ba ya kutsawa cikin na wani.

Kaji 19 da suka rage sun kai damina. Ƙwan bai koma yadda yake a Fabrairu ba sai da aka yi ruwan farko, amma ban sake ɗaukar gawa ba. Ranar da na ga shamuwa a kan dogon itacen masallacin unguwarmu na san mun haye. Asarar kaji 11 ba ta gyaru ba, kuma ba na so in manta da ita. Ba jahilci ne ya kashe su ba, domin na san komai game da haki da zanko da ɓawon ƙwai. Abin da ya kashe su shi ne na gina ɗaki ina tunanin abin da zan hana shiga, ban yi tunanin waɗanda ke ciki ba, balle waɗanda ke waje. Inna ba ta san sunan ko ƙwayar cuta ɗaya ba, amma duk safiya tambayarta guda ce: wa ke jin ƙishirwa a gidan nan? Karatuna ya gaya mini inda ya kamata a ajiye kasko. Ita ce ta san cewa ba a kife shi.

Yanzu ina wata jiha a kudu ina hidimar ƙasa, inda ruwan sama ba ya barin ƙasa ta bushe. Duk wata nakan cire wani abu daga alawus in aika gida, ina biyan adashen Inna kaɗan kaɗan, ko da yake ta ce ba ta bin kowa bashi. Ƙanwata ce ke kula da kajin, yaran maƙwabta kuma sun karɓi aikin kaskon kurna, har suna faɗa a kan wanda zai zuba ruwa. Idan na kira waya, Inna kan fara da lissafin ƙwai, ta faɗi wadda ta yi kwanci a cikin kajinta, ta faɗi farashin dusa. A makon jiya, har za mu yi sallama, sai ta ce, "Af, Likita, 'yan'uwanka suna gaishe ka."

"Su wa, Inna?"

"Ƙadangarun bayan gida mana. Sun yi ƙiba."